Takardar da Goggo Ta Tsinta a Ƙarƙashin Matashina

Sallama ga masu bin labarina, da wanda yau ne ya fara leƙowa. Sunana Surayya, ɗiyar Alhaji Na'Allah mai hatsi a Sabon Birni. Shekarata ashirin da huɗu, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare mai zaman kanta. Abin da za ni ba ku yau ya faru ne tsakanin safiyar Juma'a da azahar ɗin Asabar, kuma duk a kan takarda ɗaya. In kun ji na yi dariya inda bai kamata ba, ku yi haƙuri. Har yanzu ba ta sake ni ba.

Zangon karatun da ya wuce mai makarantarmu ta sayo gangunan jaz daga Sakkwato saboda faretin yara. Kaya ne a haɗe wuri ɗaya: babbar ganga da ake takawa da ƙafa, ƙarama mai kaifin murya a gaban gwiwa, wasu biyu a sama, sai faya-fayan ƙarfe. Aka kafa su a ofis aka lulluɓe da tsohon labule, don babu wanda ya san kansu. Daga baya aka samo Badaru. Malamin lissafi ne a Isa, ɗan Tozai, dogo, mai yawan gyara wuyan riga. Duk Asabar yakan hawo babur ya zo, in hanya ta yi lafiya. Ni aka ɗora wa kula da 'yan mata lokacin darasi. Aikina in zauna a kujera in hana surutu.

Asabar ta farko na hana surutu. Ta biyu na kama ƙafata tana taka ƙasa ba da izinina ba. Ta uku, da yara suka watse, shugabarmu Malama Basira tana gefe tana duba jarrabawa, na kasa haƙuri.

"Malam Badaru, waɗannan talibambam ɗin da kake zanawa a allo, da gaske kiɗa ne, ko ruɗin yara kake yi?"

"Zo ki zauna, Malama. In ƙarya ne ki kai ni ƙara."

Na zauna. Ya ja layi biyar a kwance, ya ce kowace ganga da gidanta. Ta ƙafa tana can ƙasa. Ƙaramar tana tsakiya. Faifan ƙarfe shi ba ɗigo ba ne, alamar kuros ce a saman layukan duka. Sannan ya datsa layukan da wasu a tsaye, suka zama ɗaki-ɗaki.

"Kowane ɗaki malmalar tuwo ɗaya ce, mutum huɗu za su ci. Ɗigo baƙi mai sanda, shi kaɗai, kason mutum ɗaya ne. In kin ga biyu sun riƙe hannu ta sama, su biyu suka raba kaso ɗaya."

"In huɗu ne suka riƙe hannu fa?"

"Gidan yawa ke nan. Kowa ya ci da sauri."

Malama Basira ta yi dariya ba ta ɗago ba. Ni kuwa na karɓi sandunan. Ya ce wani tsohon sajan na badujala ne ya koya masa a Sakkwato lokacin yana karatu, Bayarabe, wanda har ya mutu yana kiransa bawansa don wasan da ke tsakaninsu da Gobirawa. Ranar na buga ɗaki ɗaya tak: ƙafa, hannu, ƙafa, hannu, faifai yana tafe a sama. Ya fito. Abin da ke kan allo ya fito daga jikina da ƙara. Masu karatu, na ci jarrabawa da yawa a rayuwata, babu wadda ta sa na koma gida ina murmushi ni kaɗai a bayan ɗan kabu-kabu.

Ba za ni ja ku ba. Wata guda da ya wuce Badaru ya zo gaida Baba cikin farar shadda da hula mai ruwan ƙasa, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Baba ya ce za shi bincika, kuma ya sa rana: Asabar ɗin da nake ba ku labarinta za shi ba shi amsa, ko ya turo magabatansa ko ya haƙura. Abin da Baba ya sani, malamin lissafi ne, ɗan manoma, ba ya wasa da salla. Abin da bai sani ba, ganga. Ni na hana Badaru faɗa. Na san gidanmu.

Asabar ta ƙarshe kafin ranar ya ba ni takarda da ya rubuta da hannunsa, da baƙin biro, jeri takwas na layi biyar-biyar, sunana a sama. Ina bitar ta a ɗaki da kara biyu a kan matashi, in na gama in tura ta ƙarƙashi. Ranar Alhamis bayan magariba saƙonsa ya shigo.

"Jeri na nawa aka kai?"

"Na biyar. Na shida ya ƙi ni."

"Ba ya ƙin kowa. Ƙirga da baki."

"Ina ƙirgawa. Goggo tana kallona."

"Gaishe ta. Jibi za ni zo da sabuwar hula saboda Baba."

"Hula ba ta amsa tambaya."

"Tana taimakawa."

Goggo Kadijatu yayar Baba ce. Wata biyu ke nan da ta baro Tsamaye ta zo ta zauna da mu kafin al'amura su lafa, kuma ɗakina aka sauke ta. Mace ce gajera, zanen Gobir ya cika mata kumatu, idonta kuwa ba ya barin komai.

Safiyar Juma'a, bakwai saura kwata, na sa atamfa mai ruwan goro da zanen ganye, hijabina ruwan toka yana kan ƙusa, ina sa kwalli a madubi. Goggo ta ce za ta shanya shimfiɗa. Ta ɗaga matashina.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Kwallin ya tafi har kunnena.

"Goggo, ba ni, takardar makaranta ce."

"Kar ki taɓa ta! Zulaihatu! Zulaihatu, zo ki ga abin da anka yi ma ɗiyarki!"

Inna ta shigo da muciya a hannu. Goggo ba ta taɓa takardar da yatsa ba. Tsinken tsintsiya ta zaro ta tura ta cikin faifai, ta rufe da wani faifan, ta ɗauka nesa da jiki kamar mai ɗauke da kunama.

"Yaya, a bari ta yi magana," in ji Inna.

"Wace magana? Wanda anka yi ma sammu yana da magana? Ni dama na sani. Yarinya ta zauna cin tuwo yatsu na rawa bisa kwano. Tana tahiya tana ƙirga, ɗaya da biyu da ukku da huɗu, ta koma ɗaya, awa wadda anka hana ta kai biyar. Shekaranjiya miya ta ƙone tana tsaye gabanta tana murmushi. Ƙahwa kuwa ko tana kwance ba ta tsayawa. Mi kike so ki gani bayan wanga?"

Abin haushin, ko ɗaya ba ta yi ƙarya ba.

Baba bai fita kasuwa ba. Ni ban je makaranta ba. Aka aika aka kira Baffa Malam Abdulgani, babban yayansu, wanda duk unguwa ke kai wa matsala. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogonyaron tsakar gida. Baffa ya sa gilashi, ya yi bismilla, ya buɗe faifan. Ya fara bin takardar da yatsa daga dama zuwa hagu. Ya tsaya. Ya juya ta ƙasa ta koma sama. Ya sake bi. Ya ƙirga ɗigon jeri na farko, bakinsa yana motsi. Na cusa gefen zane a baki, don in dariyar ta fito, na gama yawo.

"Na ga hatimi iri-iri," Baffa ya ce. "Mai gida tara, mai gida sha shida, na Barebari, na mutanen Agadas. Wanga ban san shi ba. Babu bismilla, babu aya, babu sunan Allah ko guda. Sunan yarinya kaɗai na gane, da boko."

"Kun ji ko?" in ji Goggo. "Wanda ya hi ƙarhin malamai na."

"Ban ce ba, Kadijatu. Cewa na yi ban sani ba."

Baba yana gefe tun da aka fara. Yana zaune da jallabiyarsa ta gida, carbi a hannu. Sai ya dube ni.

"Wa ya ba ki?"

"Malam Badaru."

Goggo ta tafa hannu. "Ɗan Tozai! Shi na mai lissahi? To ga lissahi nai. Na'Allah, gobe in ya zo ko ruwa kar a ba shi."

Ku tsaya nan ku duba tare da ni. In na yi shiru, Badaru ya zama mai asiri, kuma Baba ba ya ba mai asiri ko akuya, balle ɗiya. In na yi magana, na tona cewa ni, jikar Sarkin Noman Tsamaye, ina zama a bayan ganga ina ware ƙafa ina bugu. Na auna su biyun. Ɗaya dai ƙarya ce aka yi masa, ɗayar kuma gaskiya ce a kaina.

"Baba, ba laya ba ce. Kiɗa ne."

Kazar Inna ce kaɗai ta yi motsi.

"Kiɗa," in ji Baba.

"Rubutun kiɗan ganga. Kowane ɗigo bugu ne. Shi ke koya wa yara a makarantarmu. Ni ma... yana koya mini."

"Wayyo ni Kadijatu! Gara ma layar!" Goggo ta dafe kai. "Laya ana karya ta. Ke, mu aka yi ma kiɗa, ba mu ka yi ba! Kuma wane irin kiɗa na cikin takarda? Makaɗin babanmu shekara arba'in yana yi muna gangar noma, ko alif bai sani ba. Kiɗa ga kunne yake da hannu. Wagga ƙarya shi ya koya miki ita, don in an kama ku ki hwaɗi."

Baba ya ɗaga hannu, ta yi shiru.

"Sau nawa kika zauna ya koya miki?"

Ban san inda ƙaryar ta fito ba. "Sau uku."

Ya dube ni. Baba shekara talatin yana sayen hatsi a hannun mutanen da suka rantse buhunsu babu tsakuwa. Ba ya gardama da kowa. Ƙarfen soke buhu yake ɗaukowa.

"Kawo wayarki."

Na miƙa. Ya kashe ta ya sa a aljihu.

"In rubutu na, duk wanda ya iya shi abu guda za shi karanta. Wasiƙa ba ta sake magana don ta sake hannu. Gobe za ni zaɓi wuri ki buga mini. Sannan in kira shi, bai ji naki ba, ya buga wurin. In sun zo daidai, rubutu na. In sun saɓa, Yaya ta yi gaskiya, kuma magana tai ta ƙare a gidan nan."

Baffa ya gyaɗa kai. "Adalci na."

Sauran Juma'ar ba sai na ba ku ba. Goggo ta turara ni da habbatus sauda har idona ya yi ja. Ta ba ni ruwan tofi kofi biyu. Takardar tana ɗakin Baba a kulle, ba ni da damar bita. Duk lokacin da yatsana ya motsa, Goggo ta ce, "A'uzu billahi," ta matso. Da la'asar Inna ta same ni a madafa ina yanka kuɓewa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kin iya kuwa?"

"Na iya biyar daga cikin takwas."

"To Allah ya sa ubanki ya tsaya a sama."

Mu biyu mun san ba za shi tsaya ba. Mai hatsi ba ya ɗibar samfur a bakin buhu.

Asabar, ƙarfe goma, aka sake shimfiɗa tabarmar. Na sa doguwar riga baƙa da ɗankwali ruwan hoda, na ɗaure shi tamau. Na haɗa kayana a gabansu: ƙwarya a kife a madadin ƙaramar ganga, murfin kwanon silba a kan turmi a madadin faifan ƙarfe, jarka marar ruwa a kwance in taka ta da dunduniya. Kara biyu a hannu. Goggo ta zauna nesa tana jan carbi da ƙarfi.

Baba ya buɗe takardar. Yatsansa ya wuce jeri na farko, ya wuce na uku, ya wuce na biyar. Ya tsaya.

"Wanga."

Na shida.

Ya ciro wayarsa, ya danna wurin ɗaukar murya, ya ajiye ta kusa da ƙwaryar.

Na ƙirga huɗu da baki, na shiga. Ɗaki na farko lafiya. Jarka ta amsa, ƙwarya ta amsa, murfi yana tafe a sama, cas-cas-cas. Ɗaki na biyu lafiya, har na ji kafaɗata ta saki. A ɗaki na uku akwai wata 'yar alama mai kama da tsutsa a tsaye. Ma'anarta shiru: kaso ɗaya babu bugu, hannu ya tsaya a iska ya jira. Na gan ta tana zuwa. Na ce wa hannuna tsaya. Hannuna ya ce bai ji ba. Ƙwal! Na wuce ɗaki na huɗu na rufe.

Babu wanda ya san na yi kuskure sai ni. Inna tana bakin madafa, ta rufe baki da mayafi, idonta yana ƙyalli. Baffa ya ce, "Ikon Allah." Na buɗe baki in ce a bari in sake.

"Ya isa," in ji Baba, ya kashe wayar. "Shiga ɗaki."

Ya kira Badaru, wanda ke makaranta yana sallamar yara. Aka kwashe ƙwarya da murfi da jarka aka kai zaure. Ni kuwa ban shiga ɗaki ba. Na laɓe bayan ƙofar zaure ta cikin gida, inda katako ya tsage. Inna ta gan ni, ta juya baya ta kama tankaɗe.

Sha biyu saura na ji ƙarar babur. Ya shigo da sallama, kaftani ruwan sararin sama, da sabuwar hular da ya yi alkawari, ɗinkin hannu mai zare shuɗi. Ya durƙusa ya gaida Baba da Baffa. Ya juya ga Goggo, wadda ta ja mayafi har hanci.

"Ina wuni, Goggo? An zo lafiya?"

"Lahiyar da kunka bar muna."

Sai idonsa ya faɗa kan ƙwaryar, da murfin, da karan nan biyu.  Baba ya miƙa masa takardar, yatsa a kan jeri na shida.

"Rubutunka na?"

"Nawa ne, Baba."

"An ce kiɗa na. Buga mini wanga."

 Ya cire takalmi, ya gyara jarkar da ƙafa, ya naɗe hannun riga ninki biyu. Ya ƙirga huɗu. Masu karatu, ƙwaryar furar Inna ce, na san ta tun ina yarinya, ban taɓa jin ta yi magana haka ba. Da ya zo ɗaki na uku hannunsa ya tsaya a sama. Zauren ya yi tsit na ƙiftawar ido. Ya sauka a kan lokaci, ya rufe.

Baba ya sunkuyar da kai. Kunnen da ke gane gero mai danshi daga ƙarar zubarsa ba za shi rasa bugu ɗaya ba.

"An buga mini wurin nan ɗazu," ya ce. "Naka da wancan ba ɗaya ba."

"Alhamdu lillahi!" Goggo ta miƙe tsaye. "Ƙarya ta ƙare! Tashi, ɗan nan, kwashi takalmanka!"

Na jingina goshi da ƙofar. Bugu ɗaya. Hannuna na dama, wanda nake cin tuwo da shi, shi ya kore mini miji.

Badaru bai tashi ba. Ya dubi takardar, ya dubi ƙwaryar.

"Baba, a ba ni izinin magana ɗaya."

"Hwaɗi."

"In Surayya ce ta buga, a nan aka saɓa." Ya ɗora yatsa. "Ɗaki na uku, kaso na uku. Takarda ta ce a yi shiru. Ita kuwa ba ta iya ganin wuri babu komai ta wuce. Ta ƙara bugu ɗaya, kuma a ƙwarya, da hannun dama. Ga yadda ta yi."

Ya ɗauki karan ya sake bugawa. Wannan karon da ƙwal ɗina a ciki, har da ɗan saurin da nake yi bayansa don kunya.

Baba ya ciro wayar ya danna. Muryata ta fito tana ƙirga huɗu. Jarka, ƙwarya, murfi. Ɗaki na uku. Ƙwal. Da ɗan saurin.

Baffa ne ya fara. Ya cire gilashi, kafaɗunsa suna girgiza, ya yi dariya har ya yi tari.

"Kadijatu, zauna. Rubutu na. Malami ya san inda ɗalibi nai ke tuntuɓe, ko a allo haka yake. Yaro, daga hagu aka hwara shi, ko?"

"Daga hagu, Malam."

"Shi ya sa."

Goggo ta zauna, amma ba ta sauka ba. "To ba boka ba ne. Makaɗi na. Wanne ya hi?"

Ni a bayan ƙofa na toshe baki da hannu biyu. Daɗi ya cika ni. Na manta akwai saura.

"Malam Badaru," in ji Baba, a hankali. "Kafin mutum ya san kuskuren wani haka, ya ji shi da yawa. Sau nawa ta zauna ka koya mata?"

 Na roƙi Allah ya sa ya ce uku. Na san bai san na ce uku ba. Na roƙa duk da haka.

"Asabar goma sha ɗaya, Baba. A ofis, gaban Malama Basira, ƙofa a buɗe. Biyu hanya ta hana ni zuwa, da sha uku ne."

"Ita ta ce uku."

Na ga kunnen Badaru ya motsa ƙarƙashin sabuwar hular.

"Wataƙila waɗanda ta buga daidai ta ƙirga, Baba."

Baffa ya sake fashewa. Baba ya kai hannu ya shafa gemu, ya daɗe yana shafawa, ya dubi rufin zaure.

"Ran da ka zo gaishe ni, ka hwaɗa mini lissahi, ka hwaɗa mini gonar ubanka. Ganga ba ka hwaɗa ba."

"Ban faɗa ba. Kuskurena ne."

Bai ce ni na hana shi ba. Ku rubuta wannan ku ajiye.

"Za ka bar ta?"

"In ka ce Surayya ta bari, wannan hukuncinka ne, Baba, ɗiyarka ce. Ni dai ba za ni ce maka na bari ba alhali Asabar mai zuwa yara talatin suna jirana. Ba na roƙo da ita, ba na zuwa biki. Amma ina bugawa."

"Ka ji ko, Na'Allah?" in ji Goggo. "Ko kunya."

"Na ji, Yaya." Baba ya ninke takardar gida huɗu. "Na soke buhun nan sama, na soke tsakiya, na soke ƙasa. Abin da ke baki shi ke gindi. Tsakuwar a gidana take." Ya juya ga Badaru. "Ka ce ma magabatanka su zo Juma'a mai zuwa, bayan an sauko masallaci. Su taso da wuri saboda hanya."

Badaru ya sunkuya har hularsa ta kusa faɗuwa. Abin da ya ce ban ji ba, don kunnuwana sun cika da bugun da ba na takarda ba.

"Ke kuma da ke bayan ƙohwa," in ji Baba, bai ko juyo ba. "Tun ɗazu nake ganin yatsun ƙahwarki. Shigo."

Na shigo da ɗankwali a karkace. Na durƙusa nesa, ina kallon tabarma. Ban dubi Badaru ba. Na dai ga babban yatsan ƙafarsa yana taka ƙasa a hankali, ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Kin yi mini ƙarya gaban yayyena."

"Na yi, Baba. Ka yafe mini."

"Za ni yahe, ba yau ba." Ya miƙo mini takardar, da wayata a kai. "Abin da anka hwara a gama shi. Ɗiyata ba ta barin karatu a jeri na shida. Amma zaman ofis daga ke sai shugabarku ya ƙare. Daga yau har a ɗaura aure, duk Asabar Goggonki za ta raka ki. Ta zauna tsakaninku."

Na ɗago. Badaru ya ɗago. Na jira Goggo ta ce Allah ya kiyaye, ita da wurin kiɗa.

Goggo ta sauke mayafi daga hanci. Ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya daga karan nan, ta gwada nauyinsa a tafinta, ta lanƙwasa shi, ya karye. Ta dubi bayan hannun Badaru, ta dubi nawa.

"Ƙarhe nawa aka hwarawa?"

"Tara, Goggo," in ji Badaru.

"Takwas da rabi ina nan shirye." Ta jefar da guntayen. "Wanga kara bai da ƙwari. Za ni zo da nawa."